Hancin Maigida Qiu

"Ka sa hannu kawai, Zhenghai! Layi biyu ne fa za ka goge..."

Wenlan ta sha gabansa a bakin ɗakin gasa ganyen shayi, idanunta sun yi ja. Luo Zhenghai, mai rubuta rahoton ingancin kaya a kamfanin mahaifinta, ya ƙara rungume takardun a ƙirjinsa.

"Ba zan goge ba, farin cikina. Buhu talatin sun ƙone. Abin da na gani na rubuta."

"Kawu ya ce in ba ka gyara ba, yau za ka bar aiki! To aurenmu fa? Wa zai ba ka 'yar gidan da aka kore ka daga ciki?"

Ya dube ta da tausayi. "Ke ma kin ɗanɗana shayin nan. Ce mini yana da daɗi, in yaga takardar yanzu."



Shekara arba'in ke nan duk garin Anxi na ƙasar Sin ana ji da hancin Maigida Qiu Deshun, mahaifin Wenlan. Da ya shinshina ganye zai ce a sauke daga kan gawayi, kuma bai taɓa kuskure ba. Sirrin gashin yana cikin kansa, bai taɓa rubutawa ba, bai koya wa kowa ba. Amma tun zazzaɓin bara hancin ya mutu. Ma'aikata saba'in sun sani, ba wanda ya furta. A kamfaninsu labari ba ya hawa bene zuwa ofishin Maigida sai an wanke shi tas. Maigida ya ƙona ganye, a tafa masa, da ya juya baya Kawu, ƙaninsa, ya sa a ɓoye buhunan a bayan sito.

"Mutuncinsa ake karewa..." Wenlan ta faɗa a hankali.

"Ranar da masu saye suka faɗa masa a kasuwa, wane mutunci zai rage?"

Wenlan ta share hawayenta, ta miƙa hannu. "Ba ni takardar. In ka faɗa masa kai, ka ci fuskarsa. Ni 'yarsa ce."

Ta tarar da mahaifinta a ofis yana zuba shayin safe a ƙananan kofuna. Ta rufe ƙofa, ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, zan faɗa maka abin da ba ka so."

"In maganar yaron nan ce, kawunki ya ce ba shi da ladabi."

"Maganar hancinka ce, Baba."

Butar ta tsaya a hannunsa. Bai dube ta ba.

"Shayin ya ƙone. Ba yau aka fara ba. Buhunan suna bayan sito."

Ya ajiye butar. "Na san ba na jin ƙamshi, Lanlan. Amma kullum ana ce mini ya yi, sai na ɗauka hannuna bai manta ba... Wa ya sani?"

"Kowa, Baba."

"Kowa! Har mai gadi?"

"Har shi."

Ya yi wata dariya mai kama da kuka. "Shekara guda ina yawo a tsakiyarsu kamar ɗan wasa, suna tafa mini!"

"Tsoronka suke yi, kuma suna son ka. Ni ma na yi shiru, ka yafe mini. Mutum ɗaya ne ya ƙi yi maka ƙarya, shi ne za a kora yau." Ta ɗago kai ta dube shi ido cikin ido. "Kuma shi nake so. Ba zan auri wani ba."

"Kira mini shi. Ki kira kawunki ma."

Da suka shigo, Kawu ya fara, "Yaya, ai ƙaramin abu ne..."

"Yi mini shiru! Kai, yaro, karanta. Kar ka tsallake ko kalma."

Zhenghai ya karanta tiryan-tiryan. Kawu sai gumi yake sharewa. Maigida ya saurara har ƙarshe, idanunsa a rufe.

"Daga yau rahoto ya zo mini yadda yake, a kuma manna shi a bango kowa ya karanta," in ji shi. "Kai kuma, kana da alƙalami?"

"Ina da shi, Maigida."

"Zan faɗi duk abin da ke kaina, ka rubuta. Lanlan ta zama hancina." Ya ɗan harare shi. "Sai dai sirrin gidan Qiu ba ya fita waje. Ban san yadda za ka yi ba, tunda kai bare ne."

Zhenghai ya daskare. Wenlan ce ta fara ganewa, ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba.

"Baba...!"

"Ke, tashi ki zuba wa mutumin nan shayi. Kai kuma ka turo iyayenka kafin tsinkar ganyen kaka, ba na son jan rai."

Zhenghai ya karɓi kofin da hannu biyu ya kurɓa. Tsohon ya tsura masa ido.

"Yaya ka ji shi?"

"Ya ƙone, Baba."

Maigida Qiu ya fashe da dariya har da dukan tebur.