Muryar Inna a Bango

Da ƙarfe tara na safe Gargaɗau, na'urar gargaɗin jama'a, ya buɗe baki, kuma a gidaje dubu ɗari huɗu na birnin Sabuwar Gaɓa babu gida biyu da suka ji murya iri ɗaya. Wani ya ji mahaifiyarsa, wata ta ji mijinta da ya rasu bara. Saƙon dai ɗaya ne: guguwar teku za ta sauka kafin la'asar, kowa ya hau jirgin ƙasa zuwa kan tudu.

Injiniya Barira ce ta ƙera na'urar, bayan da teku ya ɗumama har guguwowi suka fara juyowa gaɓar Afirka ta Yamma. Shekara tara ta yi tana karanta tarihin guguwowin da suka fi kisa. Ta Bhola a yankin Bengal a 1970 ta ci mutum aƙalla dubu ɗari uku. Ta Nargis a ƙasar Burma a 2008 ta ci sama da dubu ɗari. Abin da ya hana ta sukuni shi ne, sau da yawa gargaɗi bai isa ga mutane ba, inda ya isa kuma ba a gaskata shi ba. Jiniya ba uwar kowa ba ce, sai a toshe kunne a ci gaba da shanya. Don haka Barira ta tattara tsofaffin saƙonnin murya na mamata, ta koya wa Gargaɗau yin magana da bakin wanda mutum ba zai iya yi wa musu ba.

Dabarar ta ci. Kafin azahar taswirar ofishinta ta kusa yin fari, gida bayan gida yana nuna babu kowa. Sai ɗigo ja nan da can. Ɗaya daga cikinsu gidan mahaifinta ne, Malam Shu'aibu, tsohon tela mai shekara saba'in da takwas.

Ta bar ofis a guje. Sama ta riga ta yi baƙi, iska tana jan kwanon rufi kamar mai jan tabarma. Ta tarar da ƙofa a buɗe, jakarsa a ɗaure, hularsa a kansa. Yana zaune a kan kujera yana fuskantar lasifikar bango.

"Shu'aibu, tashi ka fita, ruwa na zuwa," in ji muryar kakarta, Inna.

"Baba, me kake jira? Jirgin ƙarshe saura minti arba'in!"

Ya ɗaga mata hannu. "Yi shiru, 'yar nan. Za ta sake faɗa."

"Ai ba Inna ba ce. Na'ura ce, ni na haɗa ta."

"Na sani mana. Kin mai da ni yaro?" Ya yi murmushi, idanunsa sun cika. "Ni ne ɗan farinta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunana ba. 'Kai' take ce min, in ta yi nisa ta ce 'wancan'. Ranar da zazzaɓi ya kusa ɗauke ni, kwana uku tana bakin ƙofa tana kuka, amma kunya ba ta bar ta ta kira ni ba. Tun da ta ce Shu'aibu na gane ƙarya ce." Ya share ido da bakin riga. "Amma ƙaryar da daɗi, Barira."

Barira ta karanta guguwar Bengal da ta Burma har ta haddace, ta manta da kunyar ɗan fari a gidan ubanta. Na'urar daga rajistar birni take ɗauko suna ta liƙa, ba ta san wanda ake kira da wanda ake yi wa kara ba.

Ta durƙusa a gabansa. "Baba, in ka zauna, nan zan zauna. Wallahi ba zan tafi ba."

Ya daɗe yana kallonta. Taga ta buga, gilashi ya tsage.

"To bari ta faɗa sau ɗaya."

Suka jira tare. "Shu'aibu, tashi ka fita." Ya amsa a hankali, "Na'am, Inna." Sannan Barira ta miƙe ta fizge wayar lasifikar, ta ɗauki jakarsa.

A cikin jirgi, kafin ya tashi, ta duba taswirar a allon hannunta. Ɗigo ja ɗari biyu da sha ɗaya ne suka rage, kusan duk tsofaffi, kowa zaune gaban bangonsa da wanda ya rasa. Ta ba da umarni a goge muryoyin gaba ɗaya daga rumbun na'urar, don kada wani ya sake kunna su, a saki tsohuwar jiniya mai tsaga kunne. Ɗigon suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ba duka suka ɓace ba kafin ruwa ya rufe hanya.

Malam Shu'aibu bai ga abin da ta yi ba. Yana kallon birnin ta taga, teku yana hawa titunansa. Da jirgi ya fara hawan tudu ya taɓa hannunta, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon abin da ya fi ƙarfinsa.

"Gidan dai ya tafi, ba komai. Amma in an sake gini, ki mayar min da ita bango, ko da ba a guguwa."