Katakon Awon Baba

Baba ya kaɗa tsirkiyar gitar da Thaddeus ya ƙera, ya danna yatsa a ƙarfe na goma sha biyu, ya sake kaɗawa. Fuskarsa ta canja.

"Wa ya auna maka wuyan nan, Thaddeus?"

Ina tsaye a ƙofar shago, riƙe da kofin shayi mai ƙanƙara.

Duk garin Clarksdale an san Baba da ƙera gita mai tsirkiya uku daga akwatin sigari. An kuma san katakon awonsa, siriri mai tsage-tsage, da ke nuna inda kowane ƙarfe zai zauna a wuyan gita. Kakana ya yanka shi, ba ya fita daga shago.

Da Thaddeus ya zo neman aurena, Baba ya ce, "Kaɗawa kowa ya iya. Ƙera mini ɗaya da kunnenka. In ta faɗi gaskiya, sai mu yi magana."

Ni na saci katakon, na yi fotokwafinsa a jami'a, na cusa wa Thaddeus takardar. Ban lura injin ya ɗan rage girman ba.

"Jerin ƙarafan nan nawa ne," in ji Baba, "har tsagar da ubana ya karkatar. Sai dai an tsuke shi. Ɓarawon ma bai iya sata ba."

Thaddeus ya dube ni sau ɗaya.

"Ni na ɗauka, Baba Lucius."

"Kar ka ƙara kirana Baba."

Na bi Thaddeus har mota.

"Zan faɗa masa... gobe."

Ya yi murmushi, ya share mini hawaye da babban yatsa. "Ke da ko a aji ba kya ɗaga hannu? Odessa, masoyiyata, zan jira."

Wata biyu ya jira. Kullum sai in buɗe baki a gaban Baba, in ƙare da tambayarsa ko zai ƙara wake. Daga nan Thaddeus ya tafi Chicago. Shekara na zagayowa na ji labarin aurensa.

Sai da Baba ya kwanta ciwon ajali na faɗa masa.

"Na sani," ya ce. "Ke kaɗai ce ke rataye katakon nan kai a ƙasa."

"To me ya sa..."

"Ke nake jira, 'yata. Da kin ce uffan, da kaina zan je in dawo da yaron."

Yanzu shagon nawa ne, katakon ma nawa ne. Gitar Thaddeus na rataye kusa da shi. Masu saye kan ce in gyara ta, aikin rabin yini ne.

Nakan ce musu ba ta lalace ba.