Kati a Durowar Keken Ɗinki

Tana shiga ɗakin ɗinki ta tarar da mijinta durƙushe gaban kekenta, durowa a buɗe, katinta na asibiti a hannunsa.

Ta tsaya a bakin ƙofa.

Kwana uku ke nan tana ɓoye katin. Likita ta ce ciwon marar da take fama da shi sunansa kilamidiya, ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta saduwa, takan daɗe tana ɓarna shiru. Ta riga ta toshe bututun mahaifa ɗaya, saura ɗaya. Kuma magani ba zai yi ba sai mijin ya sha shi ma.

To da wane baki za ta faɗa? Shekara uku ba haihuwa, surukarta kuwa sai ta gama duban cikinta take duban fuskarta. Wannan magana in ta fita, auren ne zai mutu.

"Mai na zo saka wa keken," ya ce a hankali. Gyaran inji ne sana'arsa, shi ya sa komai na gidan ba ya tsira daga hannunsa.

"Wallahi ban san kowa ba sai kai..."

"Na sani, Telata. Zauna."

Ba ta zauna ba. Ya sunkuyar da kai.

"Tun aurena na fari na yi fama da zafin fitsari. Na sayi ƙwayoyi a kemis, na sha kwana biyu, zafin ya tafi, na watsar da sauran. Kin san halina, inji in ya daina ƙara sai in ce ya gyaru."

Ta ji haushinsa har cikin ƙashinta, ta kuma ji tausayinsa, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

"Shekara uku ina shan gori ni kaɗai..."

"Ki yafe min, masoyiyata. Daga yau ba ke kaɗai ba ce."

Washegari tare suka je asibiti. Likita ta ba su ƙwayoyin kwana bakwai, ta ce kowa da shimfiɗarsa sai sun kammala. Matarsa ta miƙa masa kwalinsa da kanta.

"Mai gyara, wannan karon sai ka shanye."

A rana ta huɗu da fara maganin surukar ta zo, ta tarar da ita tana kan keke, ta zauna kan kujerar masu kawo ɗinki.

"Har yanzu shiru, 'yar nan?"

"Mama, ni za ki tambaya," mijin ya ce. "Ni na jawo mata ciwo da sakacina. In Allah ya ba mu, mun gode. In bai ba mu ba, laifin nawa ne, matata kuma tana nan."

Keken ya tsaya cak. Tsohuwar ta juyo gare ta.

"Sannu, 'yata. Da sauƙi jikin?"

Fuskarta take kallo, ba cikinta ba.