Kukan da Aka Yi wa Tafi

Awuor ta durƙusa a ƙofar ɗakina, ta riƙe min ƙafa tana kuka. Na ce ta sake ni, ko za ta wuni a nan ba zan karɓi shanun auren Okoth ba.

Ita kaɗai na haifa. Shi kuwa makaɗin fiyano ne. Ya yi karatun kiɗa a Nairobi, ya ƙaro a Turai, ya dawo yana bin ƙauyukanmu na bakin tafki da na'ura, yana naɗar muryoyin tsofaffi yana gina kiɗa a kansu. A haka ya ga 'yata. Ban hana ba, har kifi na soya masa.

Ranar da aka binne mijina, na tsaya a kan kabari na yi kukan da mace ke yi sau ɗaya a rayuwarta. Ashe yaron nan yana bayana da na'urarsa, kuma 'yata ce ta ce ya naɗa.

Wata da ta daɗe tana son Okoth ce ta kawo min bidiyo a waya, da gayya. Ga zaure cike da masu kwat, ga muryata a lasifika, shi yana bin ta da fiyano. Da ya gama suka miƙe suna tafi.

Mutuwar mijina suke wa tafi.

Na kai ƙara gaban dattawa. Ban yi boko ba, amma na san sata. Okoth ya ce girmamawa ce, kiɗan nan ne ya fito da sunansa, har an gayyace shi ƙasar waje dominsa. Na ce to ya auri kiɗan.

"Mama... ina sonsa," in ji Awuor. "Amma in kin ce a'a, shi ke nan."

Ba ta ƙara roƙona ba. Sai rama.

Ranar da Okoth zai tafi waje, sai ga a-kori-kura a gidana, da fiyano ɗaure a baya. Ya fasa tafiyar. Ya sa aka sauke kusa da kabarin mijina da ke cikin gidan, ya cire takalmi, ya ce ya goge muryata duk inda hannunsa ya kai, zai kaɗa wa mamacin sau ɗaya, daga nan ba zai ƙara ba.

Hanya ta ɓata wa abin murya, amma ya fara. A tsakiya na tsayar da shi, na ce nan ya datse wani abu. Ya ce numfashi ne kawai na ja a cikin kukan, shi ya sa ya cire.

"Ba numfashi ba ne, ɗan nan. Sunan da ni kaɗai nake kiran mijina da shi ne. Murya ce ta ƙi fita."

Ya sake farowa, da ya iso wurin ya ɗaga hannayensa, ya jira ni.

Na kira sunan.

Na share fuskata da gefen zane, na ce wa Awuor ta tashi ta ɗebo wa mijinta ruwa.