Ɗigon Ruwa a Gidan Ɗantsoho

Rana ta riga ta yi ja a kan Gumel sa'ad da Ilu mai gyaran firji ya sauko daga kan tsani. Bazarar 1978 ce. Alhaji Ɗantsoho, mai fataucin shanu daga Maigatari zuwa Ikko, ya sayo iyakwandishan, na'urar sanyaya ɗaki, da injin wuta saboda matarsa Sabuwa, wadda numfashi ke yi wa wuya in zafi ya tsananta. Shekara biyu na'urar tana yoyo ta baya, ruwan na bin bango yana taruwa a gindin katangar da ta raba gidan da wani kango, har ginin ya fara zaizayewa.

"Zanzaro ne ya yi gini cikin bututun, Alhaji," in ji Ilu. "Ruwa ya rasa hanya, ya cika faranti ya malalo. Na zungure shi da waya, na sa sabon tiyo zuwa bokiti. Ko ɗigo ba zai ƙara taɓa katanga ba."

Haka kuwa aka yi. Kwana uku, gindin katanga ya bushe ƙamas.

A rana ta huɗu, dab da magariba, Sabuwa na tankaɗe a tsakar gida, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Alhaji ya leƙa kangon, bai ga ko sawun akuya ba. Da ya dawo ya tarar da bokitin a kife, ƙasan wurin kuma babu laima ko kaɗan.

Daga ranar, randar da aka cika da safe sai a same ta wayam da la'asar. In rana ta sunkuya, gidan ya yi tsit, sai a riƙa jin wani siririn kuka daga gindin katanga, irin na jaririn da ya gaji da kuka.

Ranar Laraba aka nemi 'yarsu Zinariya, mai shekara goma sha uku, aka rasa. Sabuwa ce ta gan ta durƙushe a bayan ɗaki, tana lasar busasshen bango har harshenta na jini.

"Zinariya, me kike yi?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a dushe. "Wa ya ɗauke mana ruwa?"

Washegari Alhaji ya ɗauko Malam Bappa daga Ɗanzomo, dattijo mara yawan magana. Bayan la'asar ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Jikinta ya ɗauki rawa, idanunta suka kafe.

"Wace ce ke?"

"Baƙuwa ce. Daga tsohuwar rijiya nake, wajen Gagarawa. Ta ƙafe tun shekarar fari. Na yi ta yawo da 'ya'yana bakwai, uku suka rage. A nan na samu ruwan da ba na rijiya ba, ba na sama ba, ba wanda ya ce nasa ne. Me na tare muku?"

Sabuwa ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba.

"Yarinyar nan fa, me ta tare miki?" in ji Malam.

"Da bakinta nake sha. A mayar da yoyon, in fita."

"Katanga za ta faɗa wa mutane. Ba za a mayar ba. Kuma ko kaza ba za a yanka miki ba."

"Ban nemi jini ba, Malam. Ruwa na ce."

Malam ya dubi Alhaji, wanda gumi ya jiƙa wa riga. Alhaji ya ce, "Allah gafarta Malam, in aka ƙara tsawon tiyon, ai zai kai kangon."

Malam ya juya ga yarinyar. "Kin ji. Za a ajiye kasko a can, sadaka ga duk mai ƙishirwa. Amma ki rantse da Wanda ya halicce ki ba za ki ƙara tsallako katangar nan ba. In damina ta sauka, ki kwashi 'ya'yanki ki tafi."

Ta ce, "Na rantse."

Zinariya ta yi atishawa sau uku, ta zube a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Kafin rana ta faɗi Ilu ya huda katanga ya zura tiyon. Alhaji ya tada inji, ya zagaya kangon shi kaɗai, ya tsaya a kan kaskon. Yana ganin ɗigon na fitowa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗowa. Ya tsaya har aka kira salla. Ko ɗaya bai kai cikin kaskon ba, kowanne a iska yake ɓacewa, kamar da bakin da ke tare shi.