Tatsuniyar da Hindou Ba Ta Rufe Ba

Shekara goma sha ɗaya Mounkaila yana jan mota tsakanin Parakou da Djougou, har ya fi sanin ramukan hanyar a kan fuskokin maƙwabtansa. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya fitarwa. Jandarmomin da ke kiransa "kamarad", wato abokin gwagwarmaya, suna zazzage masa buhuna ba su dame shi ba. Gyangyaɗi a kan sitiyari shi yake tsoro.

'Yarsa Hindou, malamar lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Albarika ta Parakou, ita ta samo magani. Ta sayi wani tsohon littafin Faransanci a bakin titi, labarin mutum bakwai da suka shiga jirgin ƙarfe suka tafi wata tauraruwa, hanyar dawowa ta ɓace musu. Kwana biyu ta cinye shi, sannan ta zauna tana juya masa shi da Hausa a kaset. Don tsokana ta buɗe shi kamar tatsuniya. Sai dai littafin ba shi da shafukan ƙarshe, wata mai ƙosai ta riga ta ƙunshe ƙosai da su. Inda takarda ta ƙare, nan Hindou ta kashe rikoda. Ko goyo ya san tatsuniyar da aka buɗe sai an rufe ta kafin masu sauraro su watse, amma boko ya mantar da malama.

Wata uku Mounkaila yana jin kaset ɗin nan, bai ƙoshi ba.

Ranar wata Laraba ya baro Djougou ba fasinja ko ɗaya. Rana ta yi ja. Ya kamata ya tsaya ya yi magariba, ya ce bari ya wuce mararrabar Onklou tukuna. Ya mayar da kaset farko.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji muryar Hindou.

"Ta zo mu ji ta."

Daga kujerar baya aka amsa. Ba murya ɗaya ba.

Mota ta yi nauyi, ta ja ciki, ta mutu a gindin wata tsamiya. Ƙamshin ɗanyen goro ya cika ta, da na jiƙaƙƙen ganye, da warin zufar jaki. Can waje wata 'yar ƙararrawa tana kaɗawa a hankali. Kakansa ya sha ba shi labarin fataken da suka taso daga Gwanja ta wannan hanya, ba su taɓa isa gida ba.

Bai kalli madubi ba.

Kaset ya yi gudu da kansa har ƙarshe, ya yi ƙas.

"Kullum a nan take yin shiru," wani tsoho ya raɗa masa a ƙeya. Numfashinsa sanyi ƙalau. "Direba, sun koma gida?"

"Ban... ban sani ba, Baba."

"Mai muryar ta sani. Gida mai shuɗiyar ƙofa. Za mu ɗauko ta, ta ƙarasa mana."

Ƙofar gidan da Hindou take kwana shuɗiya ce.

"Na tuna!" ya ce. "Na tuna. Ku bar ta."

Ƙararrawa ta tsaya.

Mutumin da bai taɓa karanta ko harafi ba ya shiga ƙaga ƙarshen littafi. Ya ce madugun jirgin ya hango tauraruwar da ya sani, ya bi ta. Ya ce da hantsi suka sauka a bayan gari. Mata suka yi guɗa, aka kawo fura, aka wanke musu ƙafa. Kowa ya tarar da uwarsa a raye.

"Duk bakwai ɗin?"

"Duka. Ko jaki bai ɓata ba."

Wani ya fashe da kuka a baya, ƙasa-ƙasa.

"Ƙurunƙus," in ji Mounkaila.

Mota ta ɗago. Ya murza makulli, ta tashi. Bai taka birki ba sai Albarika.

Bai faɗa wa kowa ba. A wancan zamani na mulkin 'yan juyin juya hali, wanda ya ce ya ga aljani sai a ce yana yi wa juyin juya hali zagon ƙasa. Ya dai jefa kaset ɗin a murhu.

Bayan sati biyu Hindou ta shigo da murna, riƙe da cikakken littafin da ta aro.

"Baba, ashe ba su dawo ba! Har shafin ƙarshe suna can suna neman hanya. In ɗaukar maka a kaset?"

Ya karɓi littafin ya rufe, ya danne da hannu biyu.

"Hindou, don Allah, kada ki ƙara karanta wannan a bayyane. Ko ke kaɗai ce a ɗaki."

Yanzu shiru yake tuƙi, kuma gyangyaɗi ya daina zuwa masa. Duk ranar da magariba ta riske shi a tsamiyar nan, sai mota ta ɗan yi nauyi, a tambaye shi ya mutanen suke.

"Suna gida lafiya," yake cewa, idonsa a kan hanya.