Sawun Kurciya a Tagar Kabo

Ƙarar ce ta fara jan Rahamatu, ba mutumin ba. Haka dai take faɗa har ta tsufa, ko da yake ba kowa ke yarda ba.

Ranar kasuwar Kankiya ce, a zamanin da Turawa ke mulki. Ta taso daga Kaikai ta wajen Kusada tare da Gwaggo Kubura, ƙanwar mahaifinta, ɗauke da faya-fayan da ta saƙa. Suna wucewa ta layin kafintoci sai ta ji wani abu yana ƙara kamar keken ɗinki, ta leƙa rumfar.

Keke ne kuwa, amma katako yake ci. Wani saurayi na zaune yana taka shi da ƙafa, zarto siriri kamar tsinken tsintsiya yana hawa da sauka ta tsakiyar ɗan teburin ƙarfe. Shi kuma da yatsunsa yake juya siririn katako, zarton na bin zane yana fitar da furanni.

Saurayin nan shi ne Amiru. A makarantar sana'a ta Katsina ya koyi kafinta, kuma da Baturen da ya koya masa zai koma ƙasarsu ya bar masa keken da 'yan tsinkayen zarto a gwangwani. Mutanen gari suka sa wa abin suna keken katako.

Ya gama, ya hure garin, ya ɗaga katakon sama don ya duba. Rana ta ratsa hudojin ta sauka a bayan hannun Rahamatu sai ka ce an sa mata lalle. Ta tsaya tana kallon hannunta, ta manta a kasuwa take.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Icce ne wanga?"

"Icce ne," in ji Amiru. Shi kuwa ba hannun yake kallo ba. Da ya ga an kusa kama shi sai ya mai da ido kan kayanta. "Wane zane ne a faifanki?"

"Sawun kurciya. Wurin innata na gada, Allah ya jiƙanta."

"Amin. Ki bar mani guda in gani ko kekena zai iya bin sawunta."

Gwaggo Kubura ta yi gyaran murya. "Faifai na sayarwa ne, ɗan nan. Mai faifai kau tana da gida."

"To Gwaggo, wane gida ne?"

Ba a daɗe ba mutanen Kaikai suka saba da ganin Amiru bayan la'asar, a kan basukur na aro, yana sallama a ƙofar gidan Kabo masassaƙi, mahaifin Rahamatu. Yana kiranta Kurciya, ita kuma tana kiransa Mai Keke. Zancen wasu samari waƙa ne da alkawari, nasu kuwa rabinsa katako ne, don Rahamatu ba ta gajiya da tambaya.

"Mai Keke, ya akai zarto ke shiga tsakiyar icce ba tare da ya keto daga gefe ba?"

"Huda nike fara yi, Kurciyata, ƙarama. In kwance tsinken, in zura shi ta hudar, in sake ɗaurewa. Haƙoransa su kalli ƙasa, don su riƙa danne iccen kan tebur. In sun kalli sama, tsalle zai ta yi. Sannan in ɗan taɓa tsinken da farce in saurara. In ya yi ƙara mai zaƙi, ɗaurin ya yi. In ya yi luƙus, karkacewa zai yi."

"Kowace huda sai ka kwance ka ɗaure?"

"Kowace guda."

"Ashe kana da haƙuri."

"Sai a kanki ne ba ni da shi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma an ji dariyar har cikin gida.

Wanda bai yi dariya ba shi ne Kabo. Tun yana yaro yake sassaƙa turmi da akushi da kujerun mata, kuma ba shi da ɗa namiji da zai gaji gizagonsa. Akwai Labaran na Tafashiya, ƙaƙƙarfan masassaƙi da ke aiki tare da shi, wanda ya riga ya nuna yana son Rahamatu. Kabo ba mai tilas ba ne, amma inda ransa ya karkata ba a ɓoye yake ba.

Ranar da Amiru ya durƙusa gabansa a zaure, tsohon ya dube shi tsaf.

"Ni icce nike sassaƙawa ya jure taɓarya, ya riƙe tuwon gida. Kai kau huda shi kake har ya koma rariya. Wanda aikinshi ba shi da ƙwari, da mi za shi riƙe mani ɗiya?"

"A gwada ni, Baba."

Kabo ya nuna tagar zauren da ke kallon yamma, wadda aka toshe da tsumma. "Yi mata marfi. In ya zauna, mu yi magana." Ya miƙa hannu ya jawo wani ɓarin maɗaci da aka saro kwanan nan. "Ga icce. Ɗanye ne, mu haka muke aiki da shi, ya fi jin ƙarfe."

Gaskiya Kabo ya faɗa, don gizago ɗanye yake so, turmi kuma kaurinsa ke tsare shi. Amiru ya san siririn katako ba haka yake ba. An sha gaya masa a makaranta. Amma wa zai mai da wa suruki itacen da ya miƙo da hannunsa? Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Aikin ya ba shi wuya. Jiƙaƙƙen gari ya riƙa cushe haƙoran zarto, tsinken ya yi zafi ya karye, ya ɗaura wani, shi ma ya bi sahu. Ya gama dai, aka kafa marfin, yaran unguwa da manya suka yi ta zuwa kallo.

Sai rana ta fara nata aikin. Katakon ya soma bushewa yana lanƙwashewa, ya dare tun daga sama, har wata safiya aka tarar da shi a ƙasa guntu-guntu. Labaran ne ya tattara, ya ce ko ba komai an samu na hura wuta.

Kabo bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Na gani."

Daga ranar basukur ɗin aro ya daina zuwa Kaikai. Rahamatu ta yi ta kasa kunne bayan la'asar, shiru. Labaran ya ce ya ji Mai Keke na shirin ɗaure kayansa ya tafi Kano. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba don marfin da ya fashe ba, sai don an bar ta ba ko sallama.

Ranar kasuwa ta ja Gwaggo Kubura har rumfarsa. Keken na lulluɓe da buhu.

"Malam Amiru, sannu da aiki."

Jin ta kira sunansa ya san ranta ma a ɓace yake, ba nasa shi kaɗai ba. "Kurciya..."

"An ce za ka tahi Kano. Na zo in yi maka Allah ya kiyaye hanya."

"Wa ya ce? Ba inda za ni. Kunya ce ta hana ni zuwa. Na san ɗanyen icce ba ya wanga aiki, na karɓa don kada Baba ya ce na raina shi." Ya buɗe gwangwanin ya nuna mata. Tsinke ɗaya ne ya rage a ciki. "Daga Ikko ake kawo su, ba wanda ya san ranar da wasu za su iso. Busasshen maɗaci mai faɗin tagar nan kau ban da shi."

Ta daɗe tana kallon tsinken. "Ya ake gane wanda ya bushe?"

"A ƙwanƙwasa. Ɗanye amsa yake a daƙushe, busasshe kau sai ki ji yana kuwwa."

Da ta koma gida ta shiga ɗaki, ta durƙusa gaban akwatin mahaifiyarta. Kabo ne ya yi shi da hannunsa lokacin aurensu. Gara ta ci gindinsa, amma marfin na nan lafiya lau. Ta ƙwanƙwasa, ya amsa mata garau.

Ba ta ɗauka a ɓoye ba. Zaure ta je ta tarar da mahaifinta.

"Baba, marfin akwatin Inna nike roƙo."

Kabo ya ajiye gizago. Ya gane inda ta dosa. "Shi kaɗai ya rage mani nata, Rahamatu."

"Na sani, Baba."

"To ɗauki. Amma in ya ɓata shi, kada in ƙara jin sunanshi a gidan ga."

Ta ce ta yarda.

Amiru ya kankare marfin ya goge shi sumul. Rahamatu ta zana sawun kurciya a takarda, ya manna da ƙaro. Ya roƙe ta ta ƙara wa layukan da ke tsakanin hudoji kauri, don su ne ke riƙe aikin duka. Gwaggo Kubura, wadda ta ce ita rakiya kawai ta yi, sai ga ta da kakin zuma ɗaure a gefen zanen da ke jikinta, ta ce ai in yana sa zare ya bi fata, zai sa ƙarfe ya bi icce. Ya shafa wa tsinken, ya yi bismillah, ya taka.

Daga tsakiya ya fara yana yowa gefe, don katakon ya kasance da ƙarfin riƙewa har ƙarshe. Bai tura ba. Ya bar haƙoran suna ci da kansu, shi dai jagora yake. In ya iso kwana sai ya tsayar da hannu, ƙafa na ci gaba da takawa, ya juya katakon a inda yake, sannan ya wuce. In tsinken ya yi ɗumi ya dakata ya huta.

Duk ranar kasuwa Rahamatu na zaune a gefe, faya-fayanta ba wanda ya san ko an saya. Tana kallon zanen da innarta ta koya mata da kaba yana fitowa daga cikin akwatin innar, huda bayan huda.

Saura huda ɗaya a kusurwar ƙasa, tsinken ya ce ƙas.

Keken ya tsaya. Amiru ya ɗauki guntayen biyu a tafin hannu.

"Ba a lura da ita," in ji Gwaggo Kubura. "A shafe zanen wurin, wa zai sani?"

"Baba zai sani. Ko bai sani ba, ni na sani." Ya dubi Rahamatu. "Haka zan kai shi, Kurciyata. Ki yafe mani in abin bai yi ba."

"Mu tahi," ta ce.

Da la'asar sakaliya suka isa. Kabo na zaure tare da Labaran. Amiru ya durƙusa ya ajiye marfin.

"Baba, ban gama ba. Zartona na ƙarshe ya karye, saura huda guda."

Kabo ya ɗauka, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya gwada lanƙwasa shi bai motsa ba. Ya tashi ya zare tsumman tagar ya kafa shi da kansa.

Rana ta shigo. A kan daɓen zauren, inda shekara da shekaru ba abin da ke sauka sai duhu, faifai ya shimfiɗu na haske zalla, sawun kurciya na zagaye shi layi-layi.

Tsohon ya durƙusa a hankali ya sa tafin hannunsa cikin hasken. Zanen ya hau yatsunsa.

"Hannun uwarki ne wanga," ya ce, bai ɗago ba. "Haka take jera su. Subhanallahi."

Rahamatu na bakin ƙofar cikin gida, hawaye na zubo mata, ba ta ko share ba.

A gefen faifan hasken akwai ɗan wuri guda da ya rage baƙi. Kabo ya daɗe yana kallonsa. Sai ya miƙe ya ciro marfin, ya zaro 'yar wuƙarsa ta gyaran bakin akushi, ya ɗora katakon a cinya.

"Matso, Amiru. Riƙe mani nan. Ta ina kake farawa?"

"Daga tsakiya, Baba. Kada a tura."

"Ni za ka koya ma kada a tura?" in ji Kabo, amma murmushi yake. Ya bi zanen sannu a hankali har hudar ta buɗe, ya hure garin, ya mayar da marfin. Faifan ƙasa ya cika.

"Ka turo magabatanka," ya ce.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a zauren nan. Kabo ne ya ce sai bayan la'asar, kowa kuma ya san dalili. Labaran ya kawo wa amarya turmi na ƙirya, aikin hannunsa, ya ce wannan dai ba ruwansa da rana. Liman na cikin addu'a hasken ya sauko kan tabarma, ya hau hannuwan da aka ɗaga ana shafa fatiha.

Da za a tafi da amarya Kankiya, Kabo ya dafa kanta.

"Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Ki tahi, kada ki damu da ni. Kullum la'asar uwarki na shigowa zaure."

Amiru ya sunkuyar da kai ya ce amin, Rahamatu ta ce amin cikin mayafi. Allah ya bar su tare, ya sa wa duk masoya irin wannan albarka.